Sun hana rokar ɗana tashi a fili, ku yi mana alƙalanci

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙorafi na kawo, ina so ku yi min alƙalanci, don uwargida ta riga ta yanke nata hukuncin, ta ce ni ne mai laifi.

Ranar Asabar na kai Sadiƙ filin da wata ƙungiyar masu wasan roka ke haɗuwa sau ɗaya a wata, can bayan gari, tafiyar awa guda a mota. Fili ne fetal, ba gida ba rumfa, sai busasshiyar ciyawa da 'yan bishiyoyi a gefe guda. Ga wanda bai taɓa gani ba, kada ya ɗauka irin ta yaƙi ce. Bututun kwali ne, da fuka-fukai uku na wani itace mara nauyi da ake kira balsa, da hancin roba, a ciki an cusa 'yar laimar sauka. Injin kuma a kanti ake saye, tsawonsa kamar yatsa, a zura shi a gindi, a kunna da batir daga nesa.

Sati uku yaron nan yana haɗa tasa a teburin cin abinci, ya shafa mata kore da fari. Sai dai ya ce fuka-fukan sun yi faɗi kamar kunnen giwa, ya sa reza ya rage su. Na gani da idona, na ma ce ai ta fi kyau haka.

Da muka isa, kowa sai ya bi layi gaban wani tebur, inda wani dattijo mai malafa yake duba kowace roka, shi ne jami'in tsaron fili. Ya karɓi ta Sadiƙ, ya ja fuka-fukan, ya zare hancin ya mayar, ya sa injin, ya ɗora ta a kan yatsarsa kamar mai awon gwal. Sai ya girgiza kai, ya ce a haka ba za ta tashi a filin nan ba. Yaro ɗan shekara 11, a gaban mutane! Idanunsa suka kawo ruwa. Fisabilillahi abin da bai kai nauyin wayar hannu ba, wa zai kashe?

Ɗan Maƙera (Kano):
Wa alaikumus salam. Alhaji ba ka yi laifi ba. Turawan nan dokarsu ta yi yawa, ko atishawa za ka yi sai an ba ka fom. Yaro ya yi ƙirƙira maimakon a ƙarfafa masa gwiwa.

Maman Walida (Birmingham):
Ni dai ina bayan uwargida tun kafin na ji sauran. Baban Sadiƙ, kai ma ka ce ka ga yana yanke fuka-fukan ka yi shiru.

Malamin Fiziks (Zariya):
Ranka ya daɗe, dattijon nan ba awon gwal yake ba, cibiyar nauyi yake nema. Bari na yi bayani da abin da kowa ya sani. Kun ga kibiyar maharba? Ƙarfen yana gaba, shi ya sa take tafiya da kai. Ka juya ta ka jefa da gindi, a iska za ta juyo da kanta. Roka ma haka. Akwai wuri biyu a jikinta: inda nauyinta ya daidaita, wato inda za ta zauna a kan yatsa ba ta faɗi ba, da kuma inda iska ke tura ta idan ta ɗan karkace. Dole na farkon ya kasance gaba, wajen hanci, na biyun a baya, kuma a tsakaninsu a samu tazara akalla kamar faɗin bututun. Fuka-fukai su ne ke ja da wurin turin iskar zuwa baya. Da Sadiƙ ya rage su, sai ya matso gaba. Ga inji kuma a gindi yana ja da nauyi baya. Idan suka haɗu ko suka wuce juna, roka ba sama za ta yi ba, za ta bar sandar ta shiga wulwulawa kamar kazar da aka yanka, inji na ci, kuma ba wanda ya san inda za ta nufa. Nauyin waya ne, gaskiya, amma wayar da ke gudu da wuta a gindi, ga yara zaune a tabarma, ga busasshiyar ciyawa da ka faɗa da bakinka.

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Malam, na ji. Amma ai da ya ja ni gefe ya faɗa min, ba a gaban layi ba.

Anti Injiniya (Bajiniya):
Yaya, ba ka ƙarasa labarin ba, na san halin filayen nan. Ban taɓa ganin jami'in tsaro ya kori yaro ya tafi gida da roka a hannu ba. Me ya biyo baya?

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Kin kama ni. To, gaskiya bayan ya ce ba za ta tashi ba, sai ya kira wani abokinsa, shi ma da furfura, ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɓallo ɗan yumɓun wasan yara kamar girman goro. Ya ce Sadiƙ ya murza shi siriri ya tura cikin hancin da tsinke, ya danna sosai. Sannan suka ɗaura zare daidai inda rokar ke zama a yatsa, suka ce ya juya ta sama da kansa kamar mai wasa da majajjawa. Karon farko da gefe take tafiya. Aka ƙara yumɓu, ya sake juyawa, sai ga ta ta miƙe hanci a gaba. Yaron har da tsalle. Aka sa hannu a katinsa na izinin tashi.

Maman Walida (Birmingham):
Au! Ashe ma taimakonku aka yi, ka zo ka ɓoye mana rabin zance. Allah ya shirye ka Alhaji.

Ɗan Damagaram:
Alƙali ya tashi, shari'a ta ƙare. A biya uwargida tara, kaza biyu.

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Ku tsaya mana, akwai ƙorafi na biyu. Ni inji mai lamba C6-5 na saya, don in za a yi a yi da kyau. Dattijon ya ce tashin farko a fara da ƙaraminsa, B6-4. Muka je muka zura ta a sandar ƙarfen, muka maƙala wayoyi biyu, muka koma bayan igiya. Mai lasifika ya karanta sunan Sadiƙ da sunan rokar, ya duba sama ya ce ba jirgi, ya ƙirga biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Shiru. Ko hayaƙi babu. Ni kuma na ɗaga igiya zan je na duba, sai mutumin ya daka min tsawa ta lasifika, kowa ya juyo. Ni da gemuna.

Anti Injiniya (Bajiniya):
Wannan tsawar kam ka cancance ta, Yaya, ka yi haƙuri. Ƙa'ida ce a rubuce a dokokin NAR, ƙungiyar masu wasan roka ta Amurka, wadda yawancin ƙananan ƙungiyoyin nan ke ƙarƙashinta: in an danna ba ta tashi ba, a cire mukullin na'urar, a jira sakan 60 kafin kowa ya matsa. Wani lokaci wuta ta kama a hankali, kana sunkuyawa ta tashi a fuskarka. Igiyar ma ba ado ba ce, ƙafa 15 ake ja baya ga inji har zuwa D, ƙafa 30 ga wanda ya fi haka. Kuma na ci amana in ba wayar kunnawar ce ba ta taɓa maganin da ke cikin injin ba, ko kuma maƙalan biyu sun haɗu da juna.

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Na farkon ne. Ɗan toshen robar da ke riƙe wayar ya zame. Aka ba mu wata. Karo na biyu kuwa, jama'a, gani ya kori ji. Wani fiiiit, kafin na ɗaga kai ta zama ɗigo, ta bar farin zare a sama. Sai shiru na ɗan lokaci, sannan ka ji "fut" can sama, laima ta buɗe ja da fari. Sadiƙ ya ruga, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ba.

Ɗan Damagaram:
Malam, waɗannan B6-4 da C6-5 ɗin fa? Kamar lambar mota.

Malamin Fiziks (Zariya):
Kowane yanki da ma'anarsa. Harafin shi ne jimillar ƙarfin da ke cikin injin, kuma kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi: A ya tsaya a 2.5 na ma'aunin niyuton-sakan, B a 5, C a 10, D a 20, haka har G a 160. Lamba ta farko matsakaicin turin da yake yi, 6 ɗin nan niyuton 6 ke nan. Ka ga B6 da C6 turinsu ɗaya, sai dai C ya fi daɗewa yana ci, shi ma bai kai sakan 2 ba. Lamba ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni sha'awa. Bayan wuta ta ƙare roka ba ta tsaya ba, tana ci gaba da hawa da gudun da ta samu. To a cikin injin akwai wani sashe da ke ci a hankali yana hayaƙi, sakan 4 ko 5, sannan wani ɗan ƙaramin magani ya fashe ta ciki ya tunkuɗo hanci da laima. Ana so hakan ya zo daidai lokacin da ta kai ƙololuwa ta rage gudu. In ya yi wuri, iska ta yaga laimar. In ya makara, tana kan hanyar dawowa da ka. Shi ya sa ake cusa wata takarda da ba ta cin wuta tsakanin inji da laima, in ba haka ba laimar roba ta narke ta dunƙule kamar alewa.

Ɗan Maƙera (Kano):
To Malam, ni duk wannan bayanin abin da na fahimta shi ne albarushi ne a cikin kwali. Ko ba haka ba? Kakana ɗan bindiga ne, duk hawan sallah da shi ake yi, kuma da hannunsu suke haɗa nasu. Me zai sa mu jira kanti a Amurka? Ina da bututu, ina da walda. In wani ya san awon ya turo min ta gefe.

Shugaban Zaure:
Ɗan Maƙera, da girman kujerarka, ba a zauren nan ba, ba kuma ta gefe ba. Duk wanda ya saka awon haɗa magani zan goge.

Ɗan Maƙera (Kano):
Ai ilimi ne shugaba. Haka aka bar mu a baya, komai a ce kar a taɓa.

Anti Injiniya (Bajiniya):
Ɗan'uwa, ka yi gaskiya a abu ɗaya: ƙananan injinan nan baƙin albarushi ne da aka danne a cikin kwali mai kauri, da bakin yumɓu. Amma abin da kake son yi, shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro wasan nan don a hana. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a watan Oktoba na 1957, zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka. Suka shiga ɗakunan ƙarƙashin gida suna dura sinadarai a bututun ƙarfe. Wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rai. Bututun ƙarfe da magani a ciki ai ba roka ba ne, sunansa daban, kuma ka sani.

Wanda ya kawo mafita ma ba farfesa ba ne. Orville Carlisle mai sayar da takalma ne a garin Norfolk na jihar Nebraska, amma yana da lasisin wasan wuta. Shi ya ƙera ɗan injin kwali da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Ya aika wa G. Harry Stine, wanda ya yi aikin tsaro a filin gwajin makamai na White Sands. Su suka kafa ƙungiyar da ta zama NAR a 1957, Stine ya tsara dokokin daga abin da ya koya a can. Sannan Vern Estes ya ƙera na'urar da ke dura injinan ita kaɗai, ya sa mata suna Mabel. Kamfanin Estes yana Penrose, a jihar da Yaya yake zaune. Dabarar ke nan gaba ɗaya: a ɗauke wa yaro sashen da ke kisa, a bar masa kwali da gam da lissafi. Shi ya sa doka ta ce jiki da hanci da fuka-fukai ba na ƙarfe ba. Ko da injin ya fashe, kwali ne zai tarwatse.

Ɗan Maƙera (Kano):
Kakan nawa ma dai yatsa biyu babu a hannun hagu, in za a faɗi gaskiya. Amma har ya rasu bai daina ba.

Maman Walida (Birmingham):
Allah ya jiƙansa. Kai dai bar mana naka goma, masu mota na jiran ka.

Ɗan Damagaram:
Ku bar ma zancen yatsu. A halin da ake ciki daga Damagaram har Kano, ka fita bayan gari ka harba abu sama yana hayaƙi, kafin laima ta sauko an zagaye ka. Nokawut ma da na yara ne 'yan sanda kan hana lokacin bukukuwa. Ka je ka yi wa soja bayanin cibiyar nauyi.

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Da ina tunanin in zan zo gida na tsarabo wa 'ya'yan yayata 'yan injina.

Anti Injiniya (Bajiniya):
Kar ka soma. Ba a yarda da su a jirgin fasinja ba, ko a hannu ko a akwati. Kwalin da fuka-fukan ka kai, ba laifi.

Malamin Fiziks (Zariya):
Abin da nake yi da ɗalibaina shi ne ta ruwa. Gorar lemo mai gas, babba, ba ta ruwan sha ba don ita ba ta jure matsi. A zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, a toshe, a hura da famfon keke, kowa ya ja baya. Fuka-fukai na kwali, hanci da ɗan nauyi. Lissafin da dattijon nan ya yi wa Sadiƙ da yatsa, shi ne dai a nan, ba a rage komai ba. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu da tata ta riƙa kifewa, sai da ta liƙa ƙwallon tanis a hanci ta miƙe. Ba ta buƙaci na sake yi mata bayani ba. Ɗan Maƙera, in da gaske kake, abin da muke nema shi ne wanda zai ƙera mana mazaunin harbawa mai kyau, wanda za a ja igiya daga nesa ya saki gorar. Namu na yanzu sai yaro ya tsuguna kusa, kuma ba na so.

Ɗan Maƙera (Kano):
Wannan ai aikin yini ɗaya ne. Turo hoton bakin gorar da na naku na yanzu.

Maman Walida (Birmingham):
Ni tambayata ta uwa ce. Bayan ihu da tsalle, me yaro ke samu? Kuɗi ne fa ake ƙonawa a sakan biyu.

Anti Injiniya (Bajiniya):
Hajiya, ki zo ki ga gasar ƙwai. Akwai gasar 'yan sakandare ta ƙasa da aka fara a 2003, lokacin cika shekara 100 da tashin jirgin 'yan'uwan Wright. NAR ce da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama suke shiryawa. Ba wanda ya fi nisa ake nema ba. Ana ba su tsayi ƙayyadadde, galibi wajen ƙafa 800, da adadin sakan da za a yi daga tashi zuwa sauka, kuma a cikin rokar akwai ɗanyen ƙwai. Ka wuce tsayin an rage maka, ka gaza an rage maka, ƙwai ya tsage an soke tashin. Ƙungiyoyi 100 da suka fi kyau suna haɗuwa a Great Meadow, nan jiharmu, a watan Mayu. Na ga yara suna gardama kan giram biyar na nauyi, suna rubuta zafin rana da ƙarfin iska a littafi duk tashi, don abin da ya yi daidai da sanyin safe ba zai yi da azahar ba. Yaron da ba ya son lissafi a aji, a nan shi ke roƙon a ba shi kalkuleta.

Kuma manyan ma suna nan. Daga inji mai harafin H zuwa sama sai da takardar shaida mataki-mataki, daga NAR ko ƙungiyar Tripoli, kuma galibi sai hukumar jiragen sama ta ba da izinin sararin. A hamadar Black Rock ta Nebada wasu 'yan sa-kai suka harba tasu ta wuce kilomita 100 a 2004. Amma su ma da irin ta Sadiƙ suka fara.

Ɗan Damagaram:
Alhaji ba ka gaya mana ba, C6-5 ɗin da ka saya da kuɗinka, ya tashi ko yana aljihu?

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Daman ina addu'a kada a tambaya. Bayan azahar iska ta fara kaɗawa. Ba ta kai mil 20 a awa da ake rufe fili ba, amma tutar tana miƙewa. Mai yumɓun nan ya ce mana ko mu tsaya a B, ko mu yanke ƙaramin rami a tsakiyar laimar don ta sauko da sauri, ko mu cire ta mu ɗaura dogon ƙyalle. Sadiƙ ya ce ba za a huda masa laima ba. Ni kuma na ce ai mun zo ke nan.

Ta tashi kam, ta ninka na farko, har na daina ganinta sai da laima ta buɗe. Daga nan muka tsaya muna kallo tana tafiya gabas a hankali kamar shirwa, ta wuce motoci, ta wuce shinge, ta je ta sauka a kan bishiya mafi tsayi a cikin 'yan bishiyoyin nan da na ce muku suna gefe. Fili mai faɗin gari, bishiya ba ta fi shida ba, ta zaɓi ɗaya.

Na fara cire takalmi, sai ga dattijon malafa a bayana. Bai ma yi magana ba, ya kalle ni kawai, na mayar. Suna da wata doguwar sanda mai ƙugiya, aka gwada, ba ta kai ba.

Maman Walida (Birmingham):
Wayyo Sadiƙ. Ya yi kuka?

Baban Sadiƙ (Kolorado):
Ko ɗigo. Ni ne na yi ta tsaki a mota. Shi lissafi yake min, wai da an huda laimar da a wajen shinge za ta sauka. Mai yumɓun ya ce in iska ta kakkaɓo ta kafin wata mai zuwa za su ajiye mana, tunda ya sa yaron ya rubuta lambata a jikin bututun tun da safe. Yanzu dai an share teburin cin abinci an baza wani sabon kwali, uwargida na ta faɗa. Fuka-fukan wannan ya hana kowa taɓawa, har ni.

Malamin Fiziks (Zariya):
Ɗan Maƙera, na tura hotunan. Faɗin bakin gorar na auna na rubuta a ƙasa. Igiyar ta kai taku goma in zai yiwu.

Ɗan Maƙera (Kano):
Na gani. Wannan naku da wayar keke kuka ɗaure shi? Subhanallahi. Ka ba ni zuwa Alhamis.